Hankakan Laraba

Ƙarfe ɗayan dare a Aboabo.
Masu wake da shinkafa sun kife tukwane,
motar ƙarshe ta gangara Asawase tana tari,
ni kuwa ina gaban allo,
ni da hankakan da na ɗauka ran Laraba
a kan kwanon mahauta, bayan Kejetia,
sa'ad da hadari ya taso daga gabas
ya kife garin kamar ƙwarya.

Hoton ya fito baƙi ƙirin.
Baƙin tsuntsu, baƙin gajimare, kwano mai tsatsa,
sai farin ƙirjin nan kaɗai,
kamar wanda ya shigo makokin Asantawa da singileti.

Na ja linzami, na ƙara haske.
Gashin fiffike ya soma fitowa ɗai-ɗai,
sararin sama kuwa ya cika da tsaki
kamar kaji sun yi barbaza.
Na ƙara, na goge, na ƙara.
Sai ga tsuntsun kalanda,
tsaf-tsaf, mai ladabi, wanda ba a taɓa jifa ba.
Wanda ya dube ni ran Laraba
da guntun hanji a bakinsa,
ruwa na ɗiga daga ƙeyarsa,
kuma bai nemi gafarar kowa ba.

Kawu Munkaila ya faɗo mini a rai.
Shekara talatin da ɗoriya a Alabar,
cikin ɗakin duhu mai jan ƙwai ɗaya,
hannunsa na warin ruwan tsami ko ran Juma'a.
Yakan kaɗa tafi a ƙarƙashin fitila
kamar mai korar ƙuda daga nono:
nan ya tare haske, can ya bar shi ya ci.
Masu fasfo na cewa, Malam, a wanke ni in yi fari.
Sai ya wanke, don tuwon dare ba ya jiran gardama.
Amma nasa kwafin, mai fuskokin yadda Allah ya yi su,
yana cikin gwangwanin biskit a ƙarƙashin gado.
Ni na buɗe shi, bayan sadakar arba'in.

Ya taɓa ce mini, Sharifatu,
ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.
Duhu ma aunawa ake yi.

To, na koma baya.
Na mayar wa gajimare nauyinsa.
Na datse gefen hagu, inda wayar lantarki
ta shigo ba sallama.
Tsatsar na bar ta, ita ma ta sha damina.
Na rage farin ƙirji kaɗan, kada ya yi ihu.
Na ɗan zuba shuɗi a kafaɗa,
irin wanda baba ke bari a yatsan marini.
Ido kaɗai na taɓa da gaske,
ɗigon haske bai kai ƙwayar riɗi ba.

Da na matso da idon har ya cika allo,
sai na ga wata 'yar mace a ciki,
ƙarama, a karkace, gyale ya jiƙe,
ta ɗaga kyamara kamar mai roƙon ruwa.
Ashe shi ya riga ni ɗauka.

Nan ne suka ɗauke wuta.
Fanka ta yi juyi uku ta sallama,
wani yaro ya yi tsaki a gidan Hajiya Lamisi,
kwamfuta ta dusashe fuskarta don tattalin batir.
Ɗakin ya zama launin fiffikensa,
ban iya gane inda hoto ya ƙare bango ya fara ba.
Ɗigon nan kawai ke rataye a iska, yana kallona.

Saura kashi tara.
Na adana shi da suna Laraba ta bakwai,
kusa da 'yan'uwansa shida da na ɓata.
Wataƙila gobe in sake taɓa shi,
hannuna ba ya jin magana.